Na zuba bilic a kan fitsarin muzuru, numfashina ya sarƙe

Maman Mage: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma ina so abin da ya same ni jiya ya zama izina ga wani. Ina da kyanwa da muzuru. Wajen mako uku ke nan muzurun ya daina shiga robar yashinsa, sai ya riƙa yin fitsari a lungun banɗaki bayan ƙofa, wani lokacin a gefen kafet ɗin falo. Mun yi tafiyar kwana biyu, jiya da na buɗe banɗakin zarni ya buge ni. Raina ya ɓaci, na ɗauko bilic na tsiyaya a kai haka nan ba sirki, na ja ƙofa don kada yara su shigo, na durƙusa da buroshi. Ban yi minti biyu ba idona ya kama yaji, hawaye na zuba, maƙogwarona kamar ana kankare shi, ga tari ba ƙaƙƙautawa. Da rarrafe na fito. Har yanzu ƙirjina bai sake ba. Me ya faru? Kuma da me zan wanke wurin, tunda zarnin yana nan?

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin komai, in har tarin bai tsaya ba, ko kina jin numfashi na yi miki wuya, ko ƙirjin na yin fito, ki tafi asibiti yau, ki gaya musu abin da kika shaƙa. Irin wannan iskar takan ci gaba da cin huhu bayan awanni, ko da mutum ya ga kamar ya samu sauƙi.

Ga abin da ya faru. A cikin fitsari akwai wani sinadari da ake kira yuriya. Idan fitsarin ya kwana, ƙwayoyin bakteriya sukan farfasa yuriyar ta koma amoniya, ita ce mai wannan zarnin da ke hawa kai. Bilic kuwa sinadarin kulorin ne a cikinsa. Da kulorin ya haɗu da amoniya, ko da yuriyar kanta, sai iskar kuloramin ta tashi. Ita kika shaƙa. Abubuwa uku suka haɗu miki: fitsarin ya tsufa kuma yana da yawa, bilic ɗin ba a sirka ba, ƙofa a rufe kuma fuskarki na kusa da ƙasa.

Hajiya Babba: Sannu 'yata. Amma Malam ni fa shekara da shekaru ina wanke banɗaki da bilic, ga maguna a gidana tun ina amarya, ban taɓa jin ko tari ba. Kada a tsorata mutane. Ni a ganina in ba a sa bilic ba, wuri bai wanku ba.

Malamin Kimiyya: Hajiya, in tambaye ki. Kafin ki sa bilic ɗin, kina fara kora ruwa a wurin?

Hajiya Babba: Ƙwarai kuwa. Wa zai zuba magani a kan ƙazanta? Sai na kora ruwa, na sa omo na goge, na ɗauraye, sannan na ɗiga bilic a bokitin ruwa.

Malamin Kimiyya: To kin ga abin da ya tsare ki ke nan Hajiya. Lokacin da bilic ɗinki ke isa ƙasa, fitsarin ya riga ya bi ruwa. Ba ni da ja da bilic a kan tayil ko siminti, matuƙar shi ne na ƙarshe. Kashi ɗaya na bilic, kashi tara ko goma na ruwan sanyi, taga a buɗe, a bar shi kamar minti 10, a ɗauraye, a bari ya bushe kafin dabba ko yaro ya taka. Kuma wanda aka sirka ba ya ajiyuwa, ƙarfinsa raguwa yake, sai a haɗa sabo duk ranar da za a yi aiki.

Tunda an taɓo maganar, akwai haɗin da ya fi wannan muni, kuma ina ganin mutane na yinsa don neman "ƙarin ƙarfi". Bilic da ruwan khal, ko bilic da maganin wanke masai mai asid, tsagwaron iskar kulorin suke fitarwa. Ita ce iskar da aka sakar wa sojoji a Beljiyam a watan Afrilun 1915, a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bilic dai da ruwa kaɗai yake haɗuwa.

Baban Yara: Allah ya kiyaye gaba. Ni dai in ni ne, muzurun nan ya bar gidan. Garin neman gira za a rasa ido. Ko kuma ki kama wuyansa ki goga masa hanci a wurin, ki ɗan make shi, zai daina. Haka muke yi wa kwikwiyo.

Likitar Dabbobi: Baban Yara, don Allah a bar wannan dabarar. Dabba ba ta haɗa dukan da aka yi mata yanzu da fitsarin da ta yi awa biyu baya. Abin da take koya kawai shi ne wannan mutumin abin tsoro ne, sai ta koma yin fitsarin a ƙarƙashin gado ko bayan kabad inda ba za a gan ta ba. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Maman Mage, ni abin da ya tsaya mini a rai a bayaninki shi ne mako ukun nan. Kyanwa dabba ce mai tsafta, in ta saba da robar yashi ba ta barinta haka kawai. Sau da yawa zafi take ji wajen fitsari, sai ta ɗauka robar ce ke jawo mata zafin, ta koma neman wuri mai sanyi da santsi kamar tayil. Ki amsa mini waɗannan: tsugunawa yake yi ko a tsaye yake fesa wa bango yana karkaɗa bindi? Fitsarin da yawa ne ko ɗigo-ɗigo? Akwai ja-ja a ciki? Yana kuka ko yawan lasar gabansa? An dandaƙe shi?

Maman Mage: Na gode Likita. Tsugunawa yake yi. Da farko da yawa ne, amma kwanan nan kaɗan-kaɗan nake gani a wurare daban-daban. Kafin mu yi tafiyar na ga kamar ruwan hoda a tayil, na ɗauka datti ne. Yana yawan lasar kansa. Ba a dandaƙe shi ba.

Likitar Dabbobi: To ki ajiye maganar wanki tukuna, ki kai shi a duba shi yau ɗin nan. Wannan ruwan hodar jini ne. Hanyar fitsarin muzuru siririya ce ƙwarai, 'yan tsakuwoyi ko majina kaɗan sun isa su toshe ta. In ta toshe gaba ɗaya, mafitsara ta cika ta yi tauri, dafi ya taru a jini, cikin kwana biyu zuwa uku zai iya mutuwa. Alamar ita ce ka ga yana ta zarya yana yunƙuri yana kuka amma babu abin da ke fita, daga baya ya daina cin abinci, ya fara amai, ya kwanta. Mutane da yawa kan ɗauka bayan gida ne ya ƙi fita, su ce a jira gobe. Na sha karɓar waɗanda aka kawo a goben, kuma ba duka muke iya ceta ba.

Ga sauran masu karatu: fitsari mai yawa fiye da ƙa'ida tare da yawan shan ruwa, a kare ko a kyanwa, yakan nuna ciwon suga ko ciwon ƙoda, musamman in dabbar ta manyanta. In ka ga kiyashi na taruwa a inda ta yi fitsari, kada ka share kawai, ka kai a gwada.

Baban Yara: Ikon Allah. Ban san abin ya kai haka ba Likita. Na janye maganar duka. Amma tsakani da Allah zarnin kyanwa daban yake, ya fi na kare nesa ba kusa ba. Me ya sa?

Likitar Dabbobi: Gaskiyarka. Asalin kyanwar gida daga kyanwar daji ta busassun ƙasashe take, jikinta ya saba tattalin ruwa, don haka fitsarinta kauri gare shi. Sannan akwai wani sinadari a cikinsa mai suna felinin, wanda in ya sha iska yake rikiɗa ya ba da wari irin na farar wuta. Muzurun da ba a dandaƙe ba shi ya fi kowa fitar da shi, don da shi yake shata iyakarsa. Shi ya sa dandaƙa ke rage warin, kuma a mafi yawan muzurai tana rage fesa wa bango.

Mai Wankin Kafet: Salamu alaikum. Bari in sa baki a ɓangaren da na sani, don wankin kafet da kujeru shi ne sana'ata. Mafi yawan kafet ɗin da ake kawo mini da zarni, ba fitsarin ne ya fi lalata su ba, wankin farko da aka yi a gida ne.

Kuskure na ɗaya shi ne dirzawa. Mutum ya ga jiƙa sai ya ɗauko tsumma ya hau gogewa da ƙarfi, yana tura fitsarin cikin zaren yana faɗaɗa shi. Abin da ake yi shi ne tsotsewa. Ka ninka tsohon tawul mai kauri ka ɗora, ka sa takalmi ka hau kai ka tsaya, nauyinka ya matso ruwan. In ya jiƙe ka canja wani, har sai ka ɗaga ka ga kusan a bushe. Sannan ka zuba ruwan sanyi kaɗan a wurin, ka sake tsotsewa. Sau biyu, sau uku. In ka kama shi yana ɗanye ka yi haka, ka gama fiye da rabin aikin da ruwa kawai.

Na biyu, ruwan zafi. Na ga Hajiya ba ta ambata ba amma na san da yawa suna yi.

Hajiya Babba: Ina yi kam. Tafasasshe ma. Ai zafi ke kashe cuta.

Mai Wankin Kafet: A kan siminti ba laifi Hajiya. A kan kafet, katifa, kushin ko tufafi kuwa, zafi dafa fitsarin yake yi a jikin zaren, tabon da warin su zauna daram. Haka injin wanki mai tururi, haka dutsen guga. In zanin gado ya samu fitsari, a ɗauraye da ruwan sanyi tukuna, a wanke, a shanya, a shinshina. In da saura a maimaita. Kada guga ta hau shi sai warin ya tafi.

Na uku shi ne wanda mutane ba sa gani da ido. Tabon da ke saman kafet in ya kai faɗin tafin hannu, ka ɗaga ka duba ƙasa, za ka tarar ya ninka haka, don fitsarin yana sauka ne ya bazu a soson ƙasa da daɓen. Sai a fesa magani a sama-sama a ce an wanke. Kwana biyu in iska ta yi laima, gishirin fitsarin da ya bushe a ƙasa ya ja danshi, zarni ya dawo kamar yau aka yi.

Maman Mage: Wallahi haka nawa yake yi. In an yi ruwan sama falon ba ya zaunuwa. To wane magani ne ke fitar da shi?

Mai Wankin Kafet: Ki nemi maganin wanki mai enzayim, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na fitsarin dabbobi ne. Shi ba rufe wari yake yi ba, narkar da ragowar fitsarin yake. Amma yana da sharuɗɗa. Ki zuba shi da yawa, gwargwadon yadda fitsarin ya shiga, ya wuce gefen tabon, ya sauka har ƙasa. Ki bar shi aƙalla minti 15 ko yadda aka rubuta a robar. In tabon tsoho ne, ki rufe da leda don kada ya bushe da wuri, don a jiƙe yake aiki. Bayan nan ki tsotse da tawul, ki ɗora wani busasshen tawul ki danne da abu mai nauyi ya kwana, zai jawo abin da ke tasowa daga ƙasa. Sai ki bar shi ya sha iska da fanka. Tsohon tabo yakan ci zagaye biyu ko uku. Kuma kada ki haɗa shi da bilic ko ruwan zafi, kashe shi suke yi. In kin riga kin sa omo ko wani abu a wurin, ki ɗauraye sosai kafin ki zuba.

Mai Zomaye: Ni fa ban yarda sai an sayi wani magani na musamman ba. Farin ruwan khal da ruwa, rabi da rabi, shi nake amfani da shi shekaru. Fitsarin zomo yana barin wani farin abu kamar alli a ƙasan keji, in na zuba khal sai ka ga yana kumfa yana narkewa, in goge ya fita tas.

Malamin Kimiyya: A kan zomo kam ka yi daidai ɗari bisa ɗari. Fitsarin zomo cike yake da sinadarin alli, asid ɗin khal kuma narkar da alli yake yi. A kan fitsarin kyanwa da kare ma yana taimakawa, don yana kashe kaifin amoniya. Sai dai bai kai mai enzayim ba a tsohon tabon da ya shiga soso. Kuma wannan narkar da allin da ya yi maka amfani, shi ne illarsa a wani wurin: in daɓenka mabul ne ko tarazo, khal zai cinye ƙyallinsa ya bar tabo fari mai wuyar gyarawa. A can sai ruwa da sabulu mai sauƙi.

Wani abin kuma, masu zuba khal da bekin soda a kwano ɗaya su ga kumfa ya tashi su ce ƙarfi ne. Wannan kumfan alamar sun kashe juna ce, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. In za a yi amfani da su, ɗaya bayan ɗaya: khal tukuna, a tsotse, sannan a barbaɗa sodar a kan ɗan danshin da ya rage, a bari ta bushe, a share ko a zuƙe da inji. A hana dabbar shiga har a kwashe, don in ta lashe da yawa zai cutar da ita.

Mai Zomaye: To haidirojin na wanke ciwo fa? Na ji ana cewa yana fitar da tabo.

Malamin Kimiyya: Mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 yana fitarwa, amma yana iya koɗar da launi, don haka a gwada a ɓoyayyen gefe tukuna. Kada kuma a haɗa shi da khal a roba ɗaya, wani asid mai ƙona fata da ido suke haifarwa.

Hajiya Babba: To ni bayan na gama sai in bi da maganin nan mai ƙamshi da ke yin fari kamar madara in an zuba a ruwa. Shi ma laifi ne?

Likitar Dabbobi: Hajiya, wannan ya fi ba ni tsoro a kan bilic, in dai gidan akwai kyanwa. Yawancin magungunan da ke yin fari a ruwa dangin wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ne da ake kira fenol. Ruwan Dettol na asali ma sinadarin da ke cikinsa daga wannan dangin yake. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa fenol yadda ta mutum ko ta kare ke yi. Za ta taka jiƙaƙƙen daɓe, ta koma gefe ta lashe tafin ƙafarta kamar yadda ta saba, shi ke nan ya shiga. Sai ka ga tana dalalar da miyau, harshe ya yi gyambo, ta ƙi abinci, wani lokacin har da karkarwa. Haka magungunan goge ƙasa masu man itacen fayin, da mayukan ƙamshi masu ƙarfi irin su man bishiyar turare da man bishiyar ti-tiri da ake ɗigawa a ruwan mofa. In dole sai an yi amfani da irinsu, a fitar da kyanwar, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a bari ya bushe ƙarau. In kuma ta riga ta taka, a wanke ƙafar da ruwa da sabulu, a kira likita, kada a yi ƙoƙarin sa ta amai.

Masu tsuntsaye a keji su ma su fitar da su kafin a buɗe kowane magani mai ƙarfi. Iskar da za ta sa mutum tari, tsuntsu kashe shi take yi.

Hajiya Babba: Innalillahi. Akwai wata farar kyanwata da ta yi irin wannan dalalar miyau shekarun baya, kwana uku ta mutu. Na ɗauka wani abu ta ci a waje. Yanzu jikina ya yi sanyi.

Likitar Dabbobi: Allah ya ba ki haƙuri Hajiya. Abubuwa da yawa na kawo irin wannan alamar, kada ki ɗora wa kanki. Ki dai canja wa na yanzu.

Mai Karnuka: Duk maganar ta tafi kan kyanwa. Mu masu karnuka namu a tsakar gida ne da jikin katanga da tayar mota. Ni tiyo nake sawa in fesa da ƙarfi, ba safar hannu ba komai, silifas kawai. Akwai matsala?

Likitar Dabbobi: Akwai, Alhaji. Cutar da muka fi tsoro a fitsarin kare ita ce leftosifairosis. Ƙwayar bakteriya ce da ke zama a ƙodar ɓera da kare da wasu dabbobi, tana fita ta fitsari, kuma kare zai iya ɗauke da ita yana yawonsa lafiya lau. Tana shiga mutum ta ƙujewa ko tsagewar fata, ko ta ido da hanci da baki. Takan fara kamar zazzaɓi da ciwon kai da ciwon sharaɓa, yawanci bayan mako ɗaya zuwa biyu. In ta yi tsanani ido ya yi rawaya kamar shawara, ƙoda ta tsaya. Wani likitan Jamus, Adolf Weil, shi ya bayyana mai tsananin a 1886, har yau da sunansa ake kiranta. Feshi da ƙarfi yana watso maka ruwan a fuska, silifas kuma ba ya tsare faso. Ka sa takalmin roba da safar hannu, ka kwarara ruwan a hankali daga bokiti, ka sa omo, ka ɗauraye, sannan sirkakken bilic in kana so. Ka wanke hannu da sabulu. Akwai allurar rigakafinta ta karnuka, ana maimaitawa duk shekara. In ka yi zazzaɓi, ka gaya wa likita kana hulɗa da karnuka.

Mai Karnuka: Na gode Likita. Amma me ya sa duk yadda na wanke, wuri ɗaya suke komawa? Ni ban jin warin komai.

Mai Wankin Kafet: Kai ne ba ka ji Alhaji, shi yana ji. Hancin kare na iya kaiwa ƙwayoyin shinshina miliyan 300, namu wajen miliyan 6 ne. Ga shi kuma hancin mai gida sabawa yake yi, baƙo ne ke jin abin da kai ka daina ji. Siminti tsotsa yake kamar soso, haka tsagin da ke tsakanin tayil. Ka jiƙa shi da mai enzayim ka rufe da leda ya daɗe, in ya bushe sarai ka shafe shi da fenti ko abin toshe siminti. Kuma ka duba maganin da kake wanki da shi, in akwai amoniya a ciki, kamar wasu na goge gilashi, to kai da kanka kake sa masa alama, don a hancinsa kamar wani karen ne ya yi fitsari a wurin. In ba ka san ainihin inda tabon yake ba, ka samu tocilar nan mai shuɗin haske irin wadda ake duba takardar kuɗi da ita, ka kashe fitila da dare ka haska. Busasshen fitsari zai yi ƙyalli rawaya-rawaya. Ka zagaye da alli, da safe ka bi su ɗaya-ɗaya.

Ƙanwar Kowa: Anti Likita, ni ina da juna biyu wata biyar, kuma ni ke kwashe yashin kyanwarmu. An ce mini haɗari ne. In daina?

Likitar Dabbobi: Ƙanwata, abin da ake gudar wa mai ciki shi ne wata ƙwayar cuta da ake kira toksofilasma, kuma a kashin kyanwa take, ba a fitsari ba. In akwai wanda zai karɓe ki, ki bar masa har ki sauka lafiya. In babu, ki sa safar hannu, ki kwashe kullum ba fashi, don ƙwayar sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ta iya kama mutum, sannan ki wanke hannu. Wankin da ake sa bilic ma ki bar wa wani. Kyanwar kuma ba sai an kore ta ba.

Maman Mage: Jama'a na dawo. Na fara zuwa asibiti an duba ƙirjina, an ce ya yi sauƙi, in dai tarin ya ƙaru in koma. Muzurun kuma likitan asibitin dabbobi ya taɓa cikinsa ya ce bai toshe ba tukuna amma mafitsarar ta kumbura kuma akwai tsakuwoyi ƙanana a fitsarin. An ba shi magani, an ce in yawaita masa ruwa, in sa ido a kansa kwanakin nan, in ya warke a dandaƙe shi. Likita, da ba ki matsa ba da yanzu ina nan ina fama da buroshi. Allah ya saka da alheri. Likitan ya kuma ce robar yashi ɗaya ta yi wa kyanwa biyu kaɗan.

Likitar Dabbobi: Alhamdu lillahi. Haka ne, ƙa'idar ita ce kowace kyanwa da robarta, a ƙara ɗaya, ke nan uku za ki ajiye, a wurare daban-daban, nesa da inda suke ci da sha. Ki kwashe kullum, duk mako ki zubar da yashin ki wanke robar da sabulu marar ƙamshi. Ki ajiye ɗaya a lungun banɗakin nan da ya zaɓa, in ya saba sai ki riƙa matsar da ita kaɗan-kaɗan. Gobe da safe ki tabbata kin ga jiƙa a yashin. In ya shiga ya yi yunƙuri bai yi komai ba, ko tsakar dare ne ki kai shi.

Maman Mage: In sha Allah. Saura abu ɗaya, yanzu na gano ya yi a katifar yara ma, ta gefen bango, kuma ya bushe. Ita ma in jiƙa ta sharkaf kamar kafet?

Mai Wankin Kafet: A'a, katifa ba ta son ruwa da yawa, in cikin soson ya jiƙe bai bushe ba fumfuna zai kama ta. Ki cire rigar ki wanke daban da ruwan sanyi. Soson kuma ki zuba mai enzayim daidai faɗin tabon, ki danna da tafin hannu cikin safa ya shiga, bayan minti 15 ki ɗora tawul ki hau ki tattaka. Ki jingine ta a tsaye inda iska ke kaɗawa ta ɓangarorin biyu, kwana ɗaya ko biyu. Ki danna hanci a wurin, in da saura ki sake. Kafin yara su koma kai ki sa mata rigar leda, kuma ki riƙa rufe ƙofar ɗakin har muzurun ya gama shan maganinsa.